Falakin Duniya Da Ƙarancin Oksijin A Tekunan Dā: Abin Da Duwatsun Gombe Suka Adana

Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, ƙasar da birnin Gombe yake a kanta a yau, har da unguwar Kagarawal, tana ƙarƙashin ruwa ne. Wani teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya biyo Kwarin Binuwai, ya haɗe da Atlantika. Shaidarsa tana nan a shimfiɗun duwatsun da masana ilimin ƙasa suka laƙaba wa sunan garin Pindiga, da kuma mahaƙar siminti ta Ashaka, inda ake tsintar ɓawon halittun ruwa masu nannaɗewa kamar dodon-koɗi, sun riga sun zama dutse.

Wannan zamani ya zo daidai da wani babban al'amari a tarihin tekuna: iskar oksijin ta ƙare a ƙarƙashin ruwa a yankuna masu faɗi, na tsawon wajen rabin shekara miliyan ko fiye. Halittu da yawa sun ƙare, gawarwakin ƙananan tsirran ruwa kuma suka taru a ƙasa ba tare da sun ruɓe ba, suka zama baƙar laka. Masana biyu, Seymour Schlanger da Hugh Jenkyns, su ne suka fara bayyana irin wannan yanayi a 1976.

Yawancin masana sun ɗora asalin abin a kan aman wutar duwatsu, musamman a yankin Karebiyan, wanda ya cika sararin sama da iskar kabon, duniya ta yi zafi. Ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe oksijin kamar na sanyi. Sai dai baƙar lakar ba ta kwanta bai ɗaya ba. Hawa-hawa take, baƙa da fara suna musanya, kuma a nan ne falaki ya shigo.

Tafiyar duniya a kewayen rana tana sauyawa a hankali ta fuska uku, kamar yadda masanin Sabiya Milutin Milankovitch ya lissafa. Duniya tana layi kamar katantanwar da yara ke murzawa, tasirin wannan layi a kan lokutan shekara yana maimaituwa duk wajen shekara 21,000. Karkatarta tana raguwa tana ƙaruwa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 a shekara 41,000. Hanyarta kuma takan tashi daga kusan da'ira zuwa siffar ƙwai a shekara 100,000 da kuma 405,000. Jimillar hasken da duniya ke samu ba ta sauyawa sosai; rabonsa tsakanin yankuna da lokutan shekara ne ke sauyawa.

Idan rabon ya ƙarfafa damina, koguna sukan kwaso sinadarai masu taki, irin su fosfaras, su zuba a teku. Ƙananan tsirrai su yi yawa, su mutu, su nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da su su shanye oksijin. Ruwan kogi kuma, da yake bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a sama ya hana iska isa ƙasa. A Tarfaya, a kudancin Maroko, an auna shimfiɗun wancan zamani, aka ga jeruwarsu ta yi daidai da waɗannan zagaye na falaki.

Akwai misali na kusa. Tsakanin kimanin shekara 10,000 da 6,000 da suka wuce, damina ta yi ƙarfi a Afirka, Sahara ta yi kore, Tafkin Chadi ya tumbatsa ya ninka girmansa na yau sau da yawa. A lokacin ne ambaliyar Kogin Nilu ta bar baƙar laka a ƙasan gabashin Bahar Rum.

Baƙar lakar shekara miliyan 94 ce ta zama uwar man fetur a Benezuwela da jihar Texas ta Amurka. Irin wannan dutse mai maiƙon halittu shi ne abin da masu binciken mai ke fara nema a duk inda suka je, ciki har da Kolmani, tsakanin Gombe da Bauchi, inda aka ƙaddamar da aikin haƙa a watan Nuwamban 2022.