Assakkaki: Sunan Sana'a da Ya Shiga Zauren Malamai

Duk wanda ya zauna gaban malaman zaure a garinmu har karatunsa ya kai fannin balaga, ya ji ana ambaton Assakkaki. Mu ma mun daɗe muna jin sunan kafin mu gane cewa asalinsa sunan sana'a ne, kamar yadda mukan ce Maƙeri ko Majemi.

A Larabci, sikka ita ce hatimin ƙarfen da ake ɗora wa dunƙulen zinariya ko azurfa a buga da guduma, sunan sarki ya fito a kai, ya zama dinari ko dirhami. Mai sassaƙa wannan hatimi shi ne sakkak. Abu Yaƙub Yusuf Assakkaki, wanda aka haifa a ƙasar Kawarizim a 1160, ya kuma rasu a 1229, da aikin ƙarfe ya fara rayuwarsa, an ce kuma sai da ya girma sannan ya kama karatu gadan-gadan. Littafinsa Miftahul Ulum shi ne Alƙazwini ya taƙaita ya kira Talkhisul Miftah, daga baya Imamu Suyuɗi ya waƙe taƙaitawar a Uƙudul Juman, wanda ɗalibanmu ke biyawa har yau. Ilmi ya ɗaukaka shi, amma sunan maƙera bai bar shi ba. Turawa ma suna da irin wannan: Minter a Ingila, Münzer a Jamus, duk zuriyar masu buga kuɗi ne.

To, me ya sa babu Gidan Mai Buga Kuɗi a unguwanninmu, alhali ga Maƙera, ga Marina, ga Majema? Dalili shi ne kuɗin kakanninmu wuri ne, kuma wuri ba a ƙera shi. Daga tekun Indiya ake kwaso shi, fatake su shigo da shi. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa guda. Irin wannan dala kuwa in ta faɗa hannun maƙeran farfaru, narka ta suke yi su mayar da ita zobe ko warwaro. Kwabo da anini masu huji a Ingila aka fara buga su a 1907. Kamfanin buga kuɗi na Legas sai a 1963 aka kafa shi, shi kuma aikin albashi ne, babu gado a ciki.

Abin da ya sa muka tono wannan zance shi ne rajistar makaranta. A shekarun da muka yi muna riƙe ta, sau da yawa yaro kan shigo aji ɗaya da sunan Maƙeri ko Mahauci, in ya zo cika takardar jarrabawar fita sai mahaifinsa ya aiko daga birni a goge, a sa sunan gari. Mun goge da yawa da hannunmu, ba mu musa ba. Bara da kwamitin ƙungiya ya zauna tsara sunayen gidaje domin rabon tallafin karatu, sai da aka koma wurin tsofaffin unguwa kafin a gane jikan wane ne ke nema.