Tafintan da Ke Fassara Kansa: Shekarun GCC

A ranar 22 ga Maris 1987, Richard Stallman ya ajiye wata manhaja a kan na'urar jami'ar MIT da ke Amurka, ya ce duk mai so ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Sunanta GCC, aikinta kuwa tafinta. Kwamfuta ba ta jin komai sai sifili da ɗaya, mai rubuta manhaja kuma yana rubutu ne da yaruka irin su C waɗanda ɗan Adam zai iya karantawa. Dole a sami mai shiga tsakani, wanda zai juya rubutun mutum ya koma umarnin da inji ke ganewa. A wancan zamani irin wannan tafinta haja ce ta kamfanoni: a saya da tsada, kuma ba a yarda a leƙa cikinta ba.

Stallman bai so ya fara daga tushe ba. Tun da ya shelanta shirin GNU a 1983, na gina cikakken tsarin kwamfuta wanda babu mai iya kulle shi, ya san babu inda za a je sai da tafinta. Ya ji labarin wani da aka yi a Jami'ar Vrije ta Amsterdam, kalmar da ke nufin 'yantacciya a harshen Holan, sai ya rubuta wa mai shi, Andrew Tanenbaum, yana neman izini. Yadda Stallman ke ba da labarin, amsar da ya samu ta zolaya ce: jami'ar ce 'yantacciya, ba tafintan ba. Daga nan ya koma kan wani mai suna Pastel daga ɗakin binciken Lawrence Livermore, amma shi wannan ci gare shi, yana haɗiye ƙwaƙwalwar na'ura fiye da abin da ƙananan injinan lokacin za su iya bayarwa. Da ya ga haka ya zauna ya rubuta nasa, Len Tower da wasu suna taya shi.

Abin ya karɓu da wuri. Michael Tiemann ya ɗora masa yaren C++ a cikin shekarar 1987 ɗin, sannan a 1989 shi da John Gilmore da David Henkel-Wallace suka kafa kamfanin Cygnus, wanda cinikinsa ya ba mutane mamaki: kayan kyauta ne, kuɗin kula da shi ake biya. A 1990 kamfanin Sun ya cire tafintansa daga cikin abin da yake bayarwa tare da tsarinsa, ya ce sai an saya daban, masu amfani da injinansa kuwa suka yi ca a kan GCC. Shekara guda bayan haka wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya yi amfani da shi wajen haɗa Linux.

Farin jinin nan shi ya jawo rigima. Gyare-gyare suna ta kwararowa daga ko'ina, amma ƙofar shigar da su guda ɗaya ce, kuma Gidauniyar FSF ta Stallman, mai riƙe da makullin, ta fi damuwa da kada a ɓata abin da ke aiki. Mutum zai aika gyaransa ya yi ta jira shiru. Da haƙuri ya ƙare, kowa ya ja nasa reshen: masu injin Pentium da nasu, masu yaren Fortran da nasu, masu Linux da tarin facinsu. A watan Agusta 1997 wasu daga cikinsu, da ma'aikatan Cygnus a gaba, suka tattara waɗannan rassa wuri guda suka kira shi EGCS, wanda ake furtawa kamar kalmar ƙwai a Turanci. Lasisin GPL da Stallman ya rubuta da hannunsa shi ya halatta musu ɓallewar, don haka babu wanda zai ce sun yi sata.

Ba a yi shekara biyu ba reshe ya fi uwar bishiya ƙarfi. A watan Afrilu 1999 FSF ta haƙura, ta miƙa wa 'yan EGCS ragamar aikin a hukumance. Dama an riga an kafa kwamitin jagora wanda aka tsara don kada kamfani ɗaya ko mutum ɗaya ya mallake shi, sunan kuma ya tashi daga tafintan C kaɗai ya koma tarin tafintoci, ko da yake haruffan ukun ba su canja ba. Fitowar 2.95 a Yulin shekarar ita ce ta farko bayan sulhu. Idan ana neman ranar da GCC ya tsira, ta 1999 ta fi ta 1987 cancanta, domin manhajoji da yawa masu kyau sun mutu a hannun masu su, an rasa wanda zai karɓa.

Abin da ya biyo baya ba ya shiga kanun labarai, amma shi ne ainihin sana'ar. Yau GCC na da layukan rubutu sama da miliyan goma, yana fassara C da C++ da Fortran da Ada da Go da D da wasunsu, yana kuma fitar da umarni ga injina iri-iri, daga manyan na'urorin banki zuwa ɗan guntun da ke cikin mota. Kowane sashe da mai kula da shi, kuma gyara ba ya shiga sai wanda ke da alhakin wurin ya duba ya amince. Shekarar aikin tana da kaka da rani. Akwai watannin da ƙofa ke buɗe ga sabbin dabaru, sai a rufe a koma gyaran kurakurai, sai kuma a ƙara matsewa a ce ba abin da zai shiga sai maganin koma-baya, wato abin da ke aiki a fitowar bara ya daina a ta bana. Ana jera waɗannan bisa girman haɗarinsu, kuma ba a sakin sabon GCC sai an kawar da na sahun farko. Galibi hakan na faɗowa tsakanin Afrilu da Mayu.

Akwai wata al'ada da ta cancanci a tsaya a kanta. Shi tafintan ma manhaja ce, to wa zai fassara shi? Ana ɗaukar wani tsohon tafinta a gina sabon GCC da shi. Sabon sai ya fassara kansa, wanda ya fito ya sake fassara kansa, sannan a gwada na biyu da na uku a ga ko sun zo daidai. Idan suka saɓa ko da kaɗan, akwai ɓaraka a wani wuri. Wannan taka-tsantsan ba tsoron banza ba ne, domin kuskuren tafinta ya fi kowane kuskure wahalar kamawa: mutum ya rubuta daidai, injin ya aikata wani abu daban, shi kuma zai kwana yana zargin kansa.

Kishiya ta zo daga Jami'ar Illinois, inda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara LLVM a 2000. Da GCC ya koma sabon lasisin GPL na uku a 2007, kamfanin Apple ya tsaya cak a fitowar 4.2.1, ya zuba ƙarfinsa a kan Clang, tafintan da aka gina bisa LLVM. Tsarin FreeBSD ya bi sahu a 2014, daga baya Google ma ya cire GCC daga kayan aikin Android. Clang ya shigo da abin da masu rubutu suka daɗe suna kuka a kai, wato bayanin kuskure mai nuna daidai wurin da aka yi tuntuɓe. Kishiyar ta yi amfani. GCC ya fara nuna wurin kuskure da 'yar alama a fitowar 4.8 ta 2013, launi ya biyo baya, kuma a wannan fitowar ce aka fara gina shi kansa da C++ bayan shekaru 26 a kan C.

Sauran sauye-sauyen sun zo a hankali, kamar yadda gidan ya saba. A Janairun 2020 aka kwashe tarihin gyare-gyaren shekaru talatin zuwa ma'ajiyar Git. A 2021 aka cire sunan Stallman daga kwamitin jagora, kuma a Yunin shekarar aka daina tilasta wa masu ba da gudummawa su sa hannu su mallaka wa FSF haƙƙin rubutunsu, sharaɗin da ya daɗe yana korar mutane. A Afrilun 2025 fitowa ta 15 ta zo da sabon baƙo wanda ya girmi mai masaukinsa da shekaru 28: COBOL, yaren da aka tsara a 1959, wanda har yanzu bankuna da hukumomin gwamnati da dama ke lissafin kuɗi da shi.