Labulen da ya ɓoye mai busa

Jama'a, mu da ke karatu a Kudu mun san yadda suna ke riga mutum shiga ofis. Shi ya sa tarihin gwajin shiga okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai, ya tsaya min a rai.

A da madugun ƙungiya ne ke ɗaukar wanda ya ga dama, galibi almajiran mutanensa. A 1952 okestrar Boston a Amurka ta fara sa labule tsakanin alƙalai da mai gwaji. Sai takalmin mata ya riƙa tona asiri, ƙwas-ƙwas, har aka koma shimfiɗa darduma. Kowa gutsuren kiɗa iri ɗaya ake ba shi, don haka watanni ake yi ana bitar inda za a ja numfashi, inda za a sassauta. Nan ne bambancin yake.

Amma fa labule ba ya wanke zuciya. A 1980 Abbie Conant ta busa ƙahon turambon a Munich, aka zaɓe ta ba a gan ta ba. Da ta fito, ashe mace ce! Daga baya madugu Celibidache ya rage mata matsayi, sai da ta shekara da shekaru a kotu kafin ta karɓi kujerarta. Okestrar Biyana kuwa, sai 1997 ta yarda da mace a matsayin cikakkiyar mamba.