Tarihin Ƙa'idojin Ɗaukar Ɗaliban Wasan Kwaikwayo da Aikin Jarida a Jami'a: Matsayin Wurno da Raba da Goronyo

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka kafa ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai a fannonin wasan kwaikwayo da fim da aikin jarida a jami'o'in Nijeriya. Haka kuma za a duba yadda waɗannan ƙa'idoji suka shafi 'ya'yan Wurno da Raba da Goronyo, waɗanda su ne farfajiyar wannan bincike. Manufar ita ce a nuna cewa tun asali an gina ƙofar shiga waɗannan fannoni a kan Adabin Turanci, kuma duk gyare-gyaren da aka yi daga baya ba su taɓa wannan tushe ba.

2.1 Yankin Bincike da Wasanninsa

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna gabashin Jihar Sakkwato, kuma kowace tana da abin tunƙaho a tarihi. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can kuma aka yi masa makwanci a shekarar 1837. Raba ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda jami'ar da aka buɗe a Zariya a 1962 take ɗauke da sunansa. Goronyo kuwa an san ta da madatsar ruwan da aka gina a kan gulbin Rima.

Kamar sauran sassan ƙasar Hausa, yaron da ya tashi a wannan yanki ba baƙo ba ne ga kwaikwayo. Ya ga tashe a watan azumi, ya ga 'yan kama suna kwaikwayon malamai a bainar jama'a, ya kuma saurari wasannin gidan Rediyon Rima. Ta fuskar rubutu ma ƙasar Sakkwato ba ta zo a baya ba, domin Wasan Marafa na Abubakar Tunau yana cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta aka buga. Wato ke nan, ba rashin gado ne ya hana ɗan yankin karanta wannan fanni ba.

2.2 Asalin Fannonin a Jami'o'in Nijeriya

Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Geoffrey Axworthy, wanda malami ne a sashen Ingilishi. A 1970 makarantar ta zama cikakken sashe. Aikin jarida kuwa ya fara ne a Jami'ar Nsukka a 1961, sannan Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966. Tun da yake daga cikin sashen Ingilishi fannin wasan kwaikwayo ya fito, ba abin mamaki ba ne da aka ɗauki Adabin Turanci a matsayin ma'aunin wanda ya dace da shi.

A Arewa ma haka abin ya kasance. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, a cikin sashen Ingilishi, bisa jagorancin Michael Etherton. An gina musu dandali da jar ƙasa irin ginin Hausawa. Malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa sun riƙa fita da ɗalibai zuwa garuruwa kamar Soba da Maska da Bomo, suna shirya wasa tare da manoma da harshen Hausa a kan matsalolin da suka dame su. A nan akwai abin lura: wasan da Hausa ake yin sa a dandalin ƙauye, amma tikitin shiga ajin da ake koyar da shi na Turanci ne. Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen aikin jarida a 1978. Jami'ar Sakkwato kuwa, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sauya mata suna zuwa Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta fi ba wasan kwaikwayon Hausa muhalli a Sashen Harsunan Nijeriya, inda ake nazarinsa a matsayin reshen rubutaccen adabi.

2.3 Zuwan Hukumar JAMB da Tsarin Kaso

Kafin 1978 kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta da kanta. A wannan shekara gwamnatin soja ta kafa hukumar JAMB domin a haɗa jarrabawar shiga jami'a wuri guda. Bayan haka aka fito da tsarin kaso a jami'o'in tarayya. Da farko an bar wa hukumar jami'a kashi 10 cikin ɗari ta yi yadda ta ga dama, daga baya aka soke wannan. Tsarin da aka tsaya a kansa shi ne kashi 45 ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da jami'ar take yi wa hidima, sai kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Sakkwato tana cikin wannan rukuni na ƙarshe.

A bisa takarda, wannan tsari ya share wa ɗan Wurno ko Raba ko Goronyo hanya. Sai dai kaso ba ya aiki sai ga wanda ya cika sharuɗɗan fanni. A mafi yawan jami'o'i, mai neman wasan kwaikwayo sai ya sami kiredit biyar, ciki har da Ingilishi da Adabin Turanci, sannan ya sake zama jarrabawar Adabin Turanci a JAMB. Jami'o'i da dama sun sanya irin wannan sharaɗi ga aikin jarida. Hausa darasi ce da JAMB take jarrabawa a kanta, ana kuma iya lissafa ta cikin sauran darussa, amma ba ta maye gurbin Adabin Turanci.

Mai wannan bincike ya yi sakandare a wata makaranta ta wannan yanki, inda aka share shekaru uku ba malamin Adabin Turanci. Ɗaliban da suka fi kowa iya wasa a ƙungiyar Hausa ta makarantar ba su ma san da sharaɗin ba sai ranar cike takardar JAMB. Wasu suka koma neman Hausa ko Tarihi, wasu kuwa suka haƙura da karatun gaba ɗaya. Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

2.4 Fim da Sauye-sauyen Baya-bayan Nan

Yayin da jami'a take riƙe da ƙa'idarta, sana'ar ta bi wata hanya daban. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Mafi yawan waɗanda suka raya wannan sana'a daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni suka fito, sun koyi aiki a hannun na gaba da su. A 1995 aka buɗe Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, wadda take ba da digiri tare da Jami'ar Jos.

Daga baya an yi ta sauya fasalin jarrabawa. A 2005 jami'o'i suka fara tantance ɗalibai bayan JAMB. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta manyan kwalejoji. A 2017 aka mayar da ba da gurbi ta hanyar kwamfuta. A 2020 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba aikin jarida zuwa digirori daban-daban, ciki har da na fim da na watsa labarai. Waɗannan matakai sun gyara yadda ake auna ɗalibi, sun kuma ƙara yawan fannoni, amma ba su kai malamin adabi makarantar karkara ba.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tsarin kaso ya kula da jihar da ɗalibi ya fito, bai kula da harshen da ya iya wasa da shi ba. Matuƙar jami'o'in Arewa ba su yarda kiredit a Hausa ya tsaya daidai da na Adabin Turanci a waɗannan fannoni ba, ko kuwa gwamnatin jiha ba ta wadata makarantu da malaman darasin ba, gurbin da aka ware wa ɗan Goronyo zai ci gaba da zama a takarda kawai. Babi na gaba zai duba wasannin gargajiya na yankin ɗaya bayan ɗaya.