Martanin Shugabannin Cocin Katolika Kan Zargin Limamai

Tun ƙarnonin farko Cocin Katolika yake da dokokin hukunta limamin da ya aikata alfasha, amma shugabanninsa sun daɗe suna fifita kashe maganar a cikin gida. A wajajen 1050 malamin nan Peter Damian ya rubuta wa Fafaroma Leo na Tara yana neman a tuɓe duk limamin da aka samu da irin wannan laifi. Fafaroman ya yaba masa, sai dai ya taƙaita tuɓewar ga waɗanda suka daɗe suna yi ko laifinsu ya yi muni ƙwarai.

A Turai ta wancan zamani limamai suna da gata: kotun coci ce ke yi musu shari'a, ita kuwa ba ta yanke hukuncin kisa. Sarki Henry na Biyu na Ingila ya nemi rage wannan gata a 1164, kuma taƙaddamar da ta biyo baya ce ta kai ga kashe Akbishop Thomas Becket a 1170.

A 1922 Fadar Batikan ta fitar da umarni, wanda aka sabunta a 1962, cewa a binciki ƙararrakin alfashar limamai cikin tsananin sirri. A aikace, bishop-bishop da yawa sukan mayar da limamin da ake zargi wata majami'a, ko su tura shi jinya ya dawo bakin aiki. Wasu iyalan yaran da aka ci zarafinsu an biya su diyya bisa sharaɗin su ja bakinsu su yi shiru. Da wuya a sanar da 'yan sanda. Sunan coci aka kare, yaran sabuwar majami'ar kuwa aka bar su ba kariya.

Asiri ya tonu a 2002, lokacin da jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda aka riƙa sauya wa masu lalata da yara wurin aiki. Kadinal Bernard Law, shugaban cocin a Boston, ya yi murabus a watan Disamba. A shekarar ce bishop-bishop na Amurka suka amince a Dallas cewa laifi ɗaya da aka tabbatar ya isa a raba limami da aiki. Binciken Kwalejin John Jay na 2004 ya ƙirga limamai 4,392 da aka zarga a ƙasar tsakanin 1950 da 2002.

A 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa limamai kai rahoton cin zarafi da na rufa-rufa ga hukumomin coci, sannan ya soke dokar sirrin Fafaroma a kan waɗannan ƙararraki.