Kamfanin Stax da Faya-fayai 27 na Shekarar 1969

A cikin shekarar 1969 wani kamfanin waƙa da ke birnin Memfis ta ƙasar Amurka, mai suna Stax, ya yi abin da ya bai wa 'yan kasuwar faifai mamaki. Ya tara dillalansa, ya baje musu sababbin manyan faya-fayai har guda 27 a tashi ɗaya. Mai karatu zai iya ɗauka bunƙasa ce ta kawo haka. Ina! Wuya ce, domin shekara guda kafin nan kamfanin ya wayi gari ba shi da ikon mallakar waƙoƙin da ya shafe shekara takwas yana naɗa.

Asalin kamfanin dai wani ma'aikacin banki ne farar fata, Jim Stewart, mai sha'awar kiɗan goge irin na Turawa, ya kafa shi a 1957 da sunan Satellite. Yayarsa Estelle Axton ta jinginar da gidanta aka sayi na'urar naɗar murya. A 1960 suka kama hayar wani tsohon gidan silima a titin McLemore, cikin unguwar baƙar fata, suka mai da zauren kallo ɗakin naɗar waƙa, bakin ƙofa kuma Estelle ta buɗe kantin sayar da faifai. A kantin nan take lura da abin da samarin unguwa ke so, ta kai wa ƙanenta rahoto. Haruffa biyu na farkon sunayen Stewart da Axton aka haɗa a 1961 aka sami Stax.

Nan aka yi Rufus Thomas da 'yarsa Carla, da ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s, wadda ta haɗa baƙi da farare a lokacin da ko gidan cin abinci ɗaya ba sa shiga a Memfis. Shi kuwa Otis Redding, a 1962 rakiyar wani makaɗi ya yi zuwa wurin, da aka sami ragowar lokaci aka ce ya gwada, shi ke nan ya zama tauraron gidan.

To, amma yin waƙa daban, kai ta kasuwa daban. Ƙaramin kamfani ba shi da ƙafar da zai zaga Amurka, don haka Stax ya jingina da kamfanin Atlantic na New York, su ke buga faifan su rarraba. Da farko magana ce ta baka da Jerry Wexler na Atlantic. A 1965 aka rubuta ta a takarda, Stewart ya sa hannu ba tare da ya tsaya ya tantance abin da ke ciki ba, saboda yarda. Marubucin da ya taɓa miƙa wa maɗaba'a rubutunsa bisa amana ya san irin wannan yardar.

Rashin sani ya fi dare duhu. A 1967 aka sayar da Atlantic ga kamfanin Warner. Ran 10 ga Disamba na wannan shekarar jirgin sama ya faɗi da Otis Redding cikin wani tafki a jihar Wisconsin, yana da shekara 26. Ran 4 ga Afrilu 1968 aka harbe Martin Luther King a otal ɗin Lorraine, inda mawaƙan Stax kan zauna su tsara waƙa. Ana cikin wannan juyayi aka zo raba gari da Atlantic, aka ɗauko takardar 1965, sai ga wata saɗara da ta mallaka wa Atlantic uwar faifai, wato asalin naɗin da ake kwafa daga jikinsa, na duk waƙar da suka rarraba. Har Sam da Dave, waɗanda ashe aro aka ba Stax, aka janye su.

Kamfanin waƙa kuwa da tsofaffin faya-fayansa yake cin abinci, su ne rumbunsa. Shi ya sa Al Bell, baƙar fata da ragamar ta koma hannunsa, ya ce sai a cika sabon rumbu cikin 'yan watanni. Aka shiga aiki ba dare ba rana, a Memfis da wasu garuruwa. A ganina da yawa daga faya-fayan 27 ɗin cike gurbi ne kawai, an manta da su. Amma gaggawar ta yi rana, domin a cikinta aka sakar wa Isaac Hayes mara, wanda a da marubucin waƙa ne a bayan fage. Ya fito da Hot Buttered Soul, faifai mai waƙa huɗu kacal, ɗaya ta haura minti 18, abin da gidajen rediyo ba su saba da shi ba, ya kuma sayu fiye da duk sauran. A 1972 Hayes ya ci kyautar Oscar da waƙar fim ɗin Shaft, a watan Agusta kuma Stax ya tara mutum sama da 100,000 a bikin Wattstax na Los Angeles, kuɗin shiga dala ɗaya.

Sai dai matsalar rarrabawa ba ta rabu da su ba. Suka ƙulla sabuwar yarjejeniya da CBS a 1972, ta lalace, bashin banki ya taru, a watan Janairun 1976 aka rufe kamfanin. An rushe tsohon gidan silimar a 1989, a 2003 aka gina gidan tarihi na Stax a filin. Kamfanin Concord ya farfaɗo da sunan daga baya yana fitar da sababbin waƙoƙi, amma fitattun waƙoƙin Otis Redding har yau suna hannun Atlantic da Warner.