Matsalolin Ciki ga Yaran da ke Cin Abincin Keto Saboda Farfaɗiya

Abincin keto tsari ne na abinci mai yawan mai da ƙarancin sitaci da sukari, wanda ake ɗora yaro a kai idan magungunan farfaɗiya sun kasa tsayar da faɗuwa. Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ne ya gabatar da shi a 1921. A tsarinsa na asali, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga mai yake fitowa. Ga yaron Zuru da ya saba da tuwon dawa da kunu, wannan babban sauyi ne, kuma ciki ne ke fara nuna shi.

Taurin bayan gida shi ne ya fi yawa, saboda an cire hatsi, da shi kuma dusar da ke tausasa kashi. Rashin shan ruwa a zafin Maris da Afrilu yana ƙara tsananta shi. Miyar kuka, kuɓewa, zogale da alayyafo suna taimakawa, gwargwadon awon da masanin abinci ya bayar. Sai dai a kula: gwanda, zuma da ruwan tsamiya, da iyaye suka saba ba yara, suna ɗauke da sukarin da zai iya rushe tsarin har faɗuwa ta dawo. Haka ma yawancin magungunan ruwa masu zaƙi. Likita kan zaɓi garin polyethylene glycol, domin ba shi da sukari.

Amai da ƙwannafi sukan zo a makonnin farko, don mai yana daɗewa a tumbi. A rarraba abincin kaɗan-kaɗan, kada yaro ya kwanta da zarar ya gama ci. Gudawa kuwa ta fi bin man MCT da ake tacewa daga kwakwa, musamman in an ƙara shi da sauri.

Kumburin fankiriyas bai cika faruwa ba, amma yana da haɗari, kuma maganin sodium valproate ma yana iya jawo shi. In yaro yana ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko yawan barci da saurin numfashi, a kai shi Babban Asibitin Zuru nan take, a kuma gaya wa ma'aikata yana kan keto kafin a sa masa ƙarin ruwa.

Ba a fara wannan tsari a gida. Yana buƙatar gwajin jini da kulawar likitan yara masanin ƙwaƙwalwa, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.